Ɗari da Goma a Sakan Guda

Ranar Juma'a ce a ƙarshen daminar 1985. Bayan an sauko daga masallaci, Malam Mamuda maigadi ya dawo bakin aikinsa a siton shirin noman rani da ke Kurfi, ya tarar da kwaɗo a kulle daram yadda ya bar shi. Abin da ya tsayar da shi sawun taya ne ɗanye a bakin ƙofa, don an yi ruwa da safe. Ya kara idonsa a tsagar ƙyaure, sai salati ya kuɓuce masa. Injunan ban-ruwa shida da aka kawo domin manoman rani, sababbi fil, babu ko ɗaya.

Kafin la'asar Sufeto Ilu ya iso daga Dutsin-Ma. Dogon mutum ne marar yawan magana, ya haura hamsin. Shekara goma sha biyu ya yi a sashen aika saƙonni na 'yan sanda a Kaduna kafin a turo shi Dutsin-Ma. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure a Funtuwa, shi kuma yana ɗaki ɗaya a bariki, daga shi sai rediyo. Mutane na gaishe shi da ladabi, amma ba mai zama kusa da shi, kuma ya daina jiran a zauna ɗin.

Ya duba kwaɗon, ya juya shi. Ba a fasa ba, ba a ƙwaƙule ba.

"Baba, makulli nawa gare shi?"

"Biyu ne, yallaɓai," in ji Mamuda. "Guda na wurin Julius, guda na Dutsin-Ma wurin Alhaji Rabe, mai kula da sito-sito duka."

"Kai fa?"

"Ni? Sanda ce kurum rabona a wurin nan."

"Yaushe ka bar ƙofa?"

"Da aka yi kiran farko. Ni ke shimfiɗa tabarmi a masallaci, kowa ya sani. Ka tambayi liman, ka tambayi wanda ka ga dama."

Sufeto ya tambaya, haka ɗin ne. Sahu guda cur ya shaidi Mamuda, har da mai ƙorafin cewa tsohon ya taka masa ƙafa.

Saura Julius. Shi ne akawun siton, mutumin kudancin jihar Kaduna, ɗan shekara talatin da 'yan kai. Ranar Juma'a da rana tsaka, in gari ya tafi masallaci, shi kaɗai ke ragewa a harabar. Wannan kaɗai ya ishi jama'ar da ta taru a bakin ƙofa yanke hukunci. Haba, ga makulli a aljihunsa, ga shi shi kaɗai a wurin, me kuma ake nema?

Sufeto ya same shi a wani ɗan ɗaki can bayan sito, mai taga ɗaya da ke kallon gonaki. A kan tebur akwai injin saƙo, irin wanda ake buga rubutu a Dutsin-Ma ya bi waya ya fito a takarda a Kurfi. Shirin ya ja wayarsa ta kansa tsakanin garuruwan biyu, kuma manyan ofis suna ji da ita ba kaɗan ba. A ƙasa ga doguwar takarda an naɗe ta tsaf.

"Ina kake sa'ad da aka kwashe injunan?"

"Nan nake, ranka ya daɗe. Ƙarfe ɗaya injin ya fara buga sunayen manoma daga Dutsin-Ma. Ban tashi ba sai da ya gama."

"Yaushe ya gama?"

"Wajen ƙarfe biyu."

"Awa guda kana kallon takarda?"

"Ba kallo ba ne kawai. Abin da ke jan takardar ya lalace tun bara, na faɗa har na gaji. Kowane layi sai na ja da hannu. In na tashi, rubutu zai hau kan rubutu."

"Ba ka ji mota ba?"

"In wannan abin yana aiki, ko aradu ba na ji."

Sufeto ya warware takardar a hankali. Layi bayan layi, tas, ba inda wani ya hau wani. Ya naɗe, ya saƙale a hammata. Amma doka doka ce, ya sa Julius a mota suka nufi Dutsin-Ma. Ba wanda ya ce wa Julius sai ka dawo.

Washegari Asabar, Alhaji Rabe ya zo caji ofis da kansa, tare da Manajan shirin. Kakkauran mutum ne mai fara'a, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Ya gaisa da kowa, har da kurtun da ke bakin kanta.

"Wallahi, Sufeto, abin ya ba ni tausayi," ya ce. "Yaron nan ni na tsaya masa aka ɗauke shi aiki."

"Kai ka aika saƙon jiya, Alhaji?"

"Ni da hannuna. Malama Rakiya mai buga mana tafireta ta shirya zaren takarda mai huji-huji da injin ke karantawa, ni kuma na ce ta tafi gida da wuri tun da Juma'a ce. Ƙarfe ɗaya na ɗora, na tsaya a kansa har ya gama, na kashe injin, na kulle ofis, na tafi masallaci. Maigadinmu ya ga fitata."

"Minti nawa ya ɗauka?"

"Yauwa, nan ne ƙaryar yaron ta ƙare." Alhaji ya gyara zama. "Je ka duba bayan injin, masu ƙera shi sun rubuta gudunsa, ɗari da goma a sakan guda. Saƙon layi ɗari biyar ne, kowane layi harafi saba'in da biyu, dubu talatin da shida ke nan. Raba da ɗari da goma. Minti biyar da rabi. To ina ya samo awa guda?"

Manaja ya ɗauki biro ya raba a bayan ambulan, ya gyaɗa kai. Shugaban caji ofis ma ya raba, ya samu daidai. Ai lissafi in ya zo da lambobi manya-manya, kowa sai ya ji kunyar musu.

"Shi ke nan," in ji shugaban. "Litinin a kai shi kotu Katsina. Can zai faɗi abokan satarsa."

Sufeto Ilu ya ce to. Amma tun da Alhaji ya ambaci ɗari da goman nan abin ya ƙi kwanta masa a rai. Ɗari da goma na me? Ba wanda ya tambaya. Shi kuwa shekarun da ya yi a gaban irin waɗannan injuna, bai taɓa ganin wanda ke tofar da haruffa ɗari a sakan guda ba. Sai dai wannan injin sabo ne, ba irin nasu na da ba, kuma mutum ba ya kai tsohon sani gaban alƙali ya ce a yarda kawai.

Da azahar ya leƙa ɗakin da aka tsare Julius. Kwanon tuwon da aka ba shi na gefe, bai taɓa ba.

"Ba wanda ya zo maka?"

"Wa zai zo, ranka ya daɗe? Matata Lai'atu da yara suna gida. Ƙarshen wata ne za su taho, na kama ɗaki biyu, har na yi shafe." Ya dubi Sufeto. "Kada a aika mata tukuna. Ubanta dama bai so ta biyo ni nesa ba."

"An saba aiko saƙon nan ranar Juma'a?"

"A'a. Litinin ake aikowa, kuma bai taɓa wuce minti goma sha biyar ba. Na jiya har da sunayen watan da ya wuce, waɗanda nake da su tuni."

"Ba ka yi mamaki ba?"

Julius ya sunkuyar da kai. "Gaskiya, daɗi na ji."

"Daɗi?"

"Shekarata biyu a Kurfi. Ana gaishe ni, ban ce ba a gaishe ni ba. Amma daga ina kwana sai ina gajiya, shi ke nan. In injin nan ya tashi, sai in ji kamar wani ya shigo ɗakin yana mini magana. Jiya da na ga ya ƙi ƙarewa, har addu'a nake kada ya tsaya."

Sufeto ya daɗe tsaye riƙe da ƙarfen ƙofa. Ya san wannan magana ciki da waje, shi da ke barin rediyo a kunne ko ba ya sauraro. Tausayi ya kama shi, sannan haushi ya biyo baya, don ya fara zargin cewa wani ya san wannan rauni na Julius sarai.

"Ci tuwonka," ya ce. "Litinin ba ta yi ba tukuna."

Daga nan ya wuce gidan su Malama Rakiya a bayan kasuwa. Aka yi masa sallama da ita, ta fito zaure da mayafi, suka gaisa.

"Malama, ke kika huda zaren saƙon jiya?"

"Ni ce. Alhaji ya ce in haɗa na mako huɗu wuri guda. Na ce ai an aika ukun farko, ya ce ana son a sake. Kwana biyu ina fama, har yatsuna suka yi tsami."

"Kin taɓa duba agogo in injin yana aikawa?"

"Ina na ga ta duba agogo? In na ɗora zare sai in koma kan tafireta, shi ke jan abinsa da kansa."

"Ba sai an tsaya a kansa ba ke nan?"

"A namu ɓangaren, a'a. Julius ne dai ke shan wahala a can."

"Kin koma ofis jiya?"

"Na koma. Na manta makullin akwatina, kuma ina da na ofis. Wajen biyu da rabi ne."

"Me kika gani?"

"Zaren duk ya zube ƙasa, ya tula a gindin tebur kamar taliya. Injin kuma yana ta gurnani shi kaɗai. Na kashe, na naɗe zaren. Na ce a raina Alhaji sauri yake kada ya rasa salla."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni, Sufeto? Ni mai tafireta ce."

Ranar Lahadi Sufeto ya sa aka buɗe masa ofishin shirin, ya zauna shi kaɗai gaban injin da agogon hannunsa. Ya ɗora guntun zare, ya auna layi ɗaya. Ya sake aunawa, ya kuma sakewa. Sannan ya je wurin maigadin ofis, wanda ya tabbatar cewa Alhaji ya fita ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci a cikin a-kori-kurarsa. Masallacin Juma'a kuwa ga shi nan kusa, ko gurgu ba ya hawa mota zuwa can.

Litinin da safe, motar kotu na jira a waje, Sufeto ya roƙi shugabansa alfarmar awa ɗaya. Shugaban ya yi tsaki, amma ya biyo shi. Suka hallara a ɗakin injin, shi da Manaja da Alhaji Rabe da Malama Rakiya.

"Malama, ɗora zaren ranar Juma'a," in ji Sufeto. "Alhaji, ga agogona, riƙe. In minti biyar da rabi ya cika, ka kashe, kamar yadda ka yi rannan."

Alhaji ya yi dariya. "Wasan yara za mu yi, Sufeto?"

"Yi haƙuri dai."

Injin ya tashi, kat-kat-kat, ɗakin ya cika da ƙara. Takarda na fitowa layi-layi. Ba a yi minti biyu ba Manaja ya daina kallon takarda, ya koma kallon naɗin zaren, wanda kusan bai rage komai ba. Alhaji ya ciro hankici.

"Lokaci ya yi?" Sufeto ya ɗaga murya.

Alhaji ya ci gaba da share gumi. Sufeto ya miƙa hannu ya kashe da kansa, ya yage takardar ya ba Manaja.

"Ƙirga mana, ranka ya daɗe."

"Arba'in da biyar… da shida."

"Cikin ɗari biyar." Sufeto ya warware takardar da ya ɗauko daga Kurfi, ta bi ƙasa har ta fita ƙofa. "Wannan kuwa ta isa Kurfi cikakkiya, har layin ƙarshe. Da Alhaji ya kashe injin a lokacin da ya ce, da Julius bai samu ko kashi ɗaya cikin goma ba."

"Amma lissafin fa?" in ji shugaban caji ofis. "Ni ma na raba, na samu daidai."

"Rabon daidai ne, yallaɓai. Abin da aka raba da shi ne ba daidai ba. Ɗari da goman da ke bayan injin ba haruffa ba ne. Waya ba ta san harafi ba, bugu kawai ta sani, wuta ta zo ko ta ɗauke. Shi ne ake kira bit, kuma da shi masu ƙera injuna ke auna gudun waya a ko'ina. A wannan injin, kowane harafi sai ya ci bugu goma sha ɗaya: ɗaya na sallama, takwas na harafin kansa, biyu na sai-an-jima. Raba ɗari da goma da sha ɗaya."

"Goma," in ji Manaja a hankali.

"Harafi goma a sakan. Dubu talatin da shida kuma, sakan dubu uku da ɗari shida. Awa guda cif, yadda Julius ya faɗa tun ranar farko. Kuma duk tsawon awar nan hannunsa na kan takarda, in ba haka ba da mun ga rubutu ya hau rubutu."

"To na yi kuskuren lissafi," in ji Alhaji Rabe. "Kuskure laifi ne?"

"A'a, Alhaji. Kuskuren lissafi kowa na yi, ga manya biyu nan sun taya ka. Amma ba ka ce lissafi kawai ka yi ba. Ka ce ka tsaya ka ga ya gama da idonka, ka kashe da hannunka. Malama Rakiya ce ta kashe shi da biyu da rabi. Kai ka sa aka haɗa na mako huɗu don ya yi tsawo. Kai ka mayar da shi Juma'a, lokacin da ka san Baba Mamuda na masallaci. Ka san abin jan takarda ya lalace, don kai Julius ke kai wa kuka tun bara, ka ƙi gyarawa. Ka ɗora zare, ka ɗaure bawan Allah a kujera da ƙara a kunnensa, ka hau mota. Rabin awa ta kai ka Kurfi, makulli kuma na aljihunka."

"Ina masallaci!"

"Wane sahu? Wa ke damanka, wa ke hagunka? Kai da ba ka shiga wuri ba ka gaisa da mutum ashirin ba, kawo mini guda ɗaya."

Alhaji ya dubi Manaja, Manaja ya kau da kai.

Kafin azahar aka samu injunan shida a gonarsa ta Birchi, a cikin bukka, an lulluɓe su da karan gero. Ko ledarsu ba a cire ba. Motar da ta zo ɗaukar Julius ita ta ɗauki Alhaji, turarensa da komai.

Da aka buɗe wa Julius ƙofa, ya fito yana ƙifta ido. Manaja ya ba shi hannu ya ce a yi haƙuri, ya shige mota. Ba kowa a bakin caji ofis sai mai sayar da rake. Sufeto ne ya mayar da shi Kurfi. Sai da Julius zai sauka ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe Alhaji ya san ina jin daɗin abin?"

"Ya san ba za ka tashi ba," in ji Sufeto. "Sauran kuma Allah ne masani."

Julius ya gyaɗa kai, ya nufi ɗan ɗakinsa na bayan sito. Sufeto ya bi bayansa da kallo har ya shige, kuma abin ya tsaya masa a rai duk makon.

Juma'ar da ta zagayo, bayan an sauko, Sufeto Ilu bai wuce bariki ba. Ya biya ofishin shirin, ya tarar da Malama Rakiya, don yanzu ba mai korar ta gida da wuri.

"Malama, in mutum ya buga a nan ba tare da zare ba, zai fito can?"

"Nan take."

Ya ja kujera ya zauna. Rabonsa da irin wannan aiki an daɗe, yatsun sun manta hanya. Da yatsa ɗaya ya riƙa nema yana dannawa. Abin da injin zai kai cikin sakan huɗu, shi sai da ya ci minti guda: SANNU JULIUS. ILU NE. KA CI ABINCI?

Injin bai motsa ba. Sufeto ya ji kunya ta kama shi, ya ce a ransa tsofai-tsofai da shi yana wasa da kayan gwamnati. Har ya kai hannu ga makunni, sai injin ya girgiza ya fara bugawa da kansa.

NA CI RANKA YA DADE. LAI'ATU ZA TA ZO JIBI.

Injin ya ɗan tsaya, sannan wani layin ya biyo.

KADA KA KASHE TUKUNA.

Sufeto Ilu ya janye hannunsa. Ya cire hula ya ajiye a kan tebur, ya gyara kujera, ya fara neman harafi na gaba.